Kada ka jiƙa feftayid gaba ɗaya

Ka tambaye ni me zai hana ka narkar da miligiram 5 ɗin nan na feftayid (gajeren jerin amino asid, tubalan da ake gina furotin da su) da aka kawo mana duka a kwalba ɗaya, ka riƙa ɗiba kana mayarwa firiza. To yarona, ruwa ne zai hana ka. Muddin feftayid yana busasshen gari, yakan yi shekaru a digiri 20 ƙasa da sifili, ya fi haka daɗewa a digiri 80 ƙasa da sifili. Da ruwa ya taɓa shi, lissafinsa ya koma na makonni.

Tun daga buɗe kwalbar ake fara kuskure. Ka ciro ta da sanyinta ka murɗe murfi, nan take laimar ɗaki ta sauka kan garin, kamar yadda gorar ruwan sanyi take zufa in an ajiye ta kan tebur. Garin kuwa yana shan laima, musamman mai amino asid irin su laisin, arjinin ko histidin da yawa. Sai ka ga abin da ya zo fari sol kamar auduga ya danƙare a gindin kwalba kamar ƙaro. Da damina abin ya fi muni. Don haka ka sa kwalbar a tukunyar busarwa mai tsakuwar silika, a rufe, aƙalla minti 30, har sanyin ya sake ta. Ka ɗan juya ta a injin juyawa garin ya sauko daga murfi, ka auna da sauri, ka hura iskar naitirojin ko argon a hankali, ka rufe gam.

Kafin ka zaɓi abin narkarwa, karanta jerin amino asid ɗin da ke takardar kamfani, don nan raunin kowane feftayid yake. Sisteyin, metiyonin da tiriftofan iskar oksijin ce take cin su. Mai sisteyin, in pH (ma'aunin tsamin ruwa) ya kai 8, sai ƙwayoyinsa su riƙa haɗewa bibbiyu. Kada ka ajiye mai sisteyin ko metiyonin a cikin DMSO, wani sinadarin narkarwa, shi ma yana yi musu irin ɓarnar oksijin. Asfarajin da gulutamin kuwa cikin ruwa suke sauyawa, kuma asfarajin ɗin da gilaisin ke biye da shi a jerin ya fi saurin lalacewa. Shi ya sa pH 5 zuwa 6 ya fi dacewa da ajiya. Ka fara gwada narkarwar da ɗan kaɗan, kada ka yi caca da duka.

In dole sai ka narkar da duka, ka yi lissafi daidai. Ba duk nauyin garin ne feftayid ba, akwai gishiri da ragowar ruwa. In takarda ta ce kashi 80 cikin 100, to miligiram 4 kake da shi. Mililita 4 za ta ba ka miligiram 1 a kowace mililita. Ka tace da matata mai ramuka masu faɗin maikuromita 0.22 saboda ƙwayoyin cuta, ka raba maikurolita 100 a kowace ƙaramar roba, kusan roba 40 ke nan. Ka nemi irin robar da furotin ba ya manne mata, domin in haɗin ya tsinke sosai, bangon roba kaɗai zai shanye maka kaso mai yawa. Kowace roba sau ɗaya ake narkar da ƙanƙararta, abin da ya rage a zubar. Na san da ciwo, kayan nan da tsada, amma daskarewa da narkewa a kai a kai suna sa feftayid ya dunƙule, sakamakonka ya riƙa sauka kana zargin na'ura.

Ka guji firizar da take narkar da ƙanƙararta da kanta, domin ɗumama take yi lokaci-lokaci. Kada ka ajiye a jikin ƙofa, tura akwatin can ƙurya. In an ɗauke wuta kada kowa ya buɗe. Mai tiriftofan ko mai alamar ƙyalli a naɗe shi da takardar alminiyom.

A kowace roba rubuta suna, ƙarfin haɗi, abin narkarwa da kwanan wata. In ka yi shakkar wata, kai ta HPLC (na'urar da ke rarrabe abin da ke cikin haɗi) da na'urar auna nauyin ƙwaya: ƙarin 16 a kan nauyin ƙwayar yana nuna oksijin ya hau metiyonin, ƙarin 1 kuwa asfarajin ko gulutamin ne ya sauya.