Litiyam mai rahusa: a saya ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 15 yana da ciwon baifola. Wani lokaci ya kwana uku ba barci, sai surutu da rawar kai, wani lokaci kuma ya ƙule a ɗaki ko abinci ba ya ci. Wata takwas ke nan likita ya ɗora shi a kan litiyam, kuma alhamdu lillahi ya samu sauƙi. Maganin ya yi mana tsada, mai kemis ɗin unguwarmu ya ce yana da na wani kamfani mai rahusa. In saya? Kakarsa kuma cewa take tunda ya warke a daina. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman yaro. Allah Ya ƙara masa lafiya, ke kuma Ya saka miki da wannan ɗawainiya.

A yawancin magunguna, na kamfani mai rahusa yana aiki daidai da mai tsada muddin yana ɗauke da lambar NAFDAC ta gaskiya. Litiyam kuwa sai an yi taka-tsantsan. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba a jini 'yar kaɗan ce. Likitoci kan so awon ya tsaya tsakanin 0.6 da 1.2, in ya haura 1.5 an fara shiga haɗari. Sannan akwai ƙwayar da ke narkewa nan take, akwai mai sakin maganin sannu a hankali, kuma ba a musanya su haka kawai. Ki ɗauki hoton kwalin mai rahusar ki nuna wa likitansa. In ya amince, a sake auna jinin bayan canjin, awa 12 da shan ƙwayar ƙarshe.

Abin da nake roƙonki kada ki yi tsimi a kansa shi ne kuɗin gwaji. Litiyam yana iya taɓa ƙoda da halittar tayirod da ke wuya, don haka ake duba su kamar duk wata shida. Na san aljihu ya yi zafi, amma gara a rage wani abu a cefane da a tsallake wannan.

Tunda maganar kemis ake: in kansa na ciwo, farasitamol za ki saya, ban da ibuprofen ko diclofenac, domin suna tara litiyam a jini. Haka ma rashin ruwa a jiki. Zafin bazara, gudawa, amai, har da azumi, duk suna iya ɗaga shi, saboda haka ku zauna da likita kafin watan Ramadan ya kama. In kika ga hannunsa na karkarwa sosai, yana tangaɗi ko harshensa ya yi nauyi, kada ya sha na gaba, ku nufi asibiti nan take.

Kaka kuwa ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, ki bi ta da lalama. Sauƙin da take gani aikin maganin ne, kuma yanke litiyam farat ɗaya kan dawo da ciwon da ƙarfi. Addu'arta tana da muhalli, a haɗa ta da maganin. In da hali ki tafi da ita ranar ganin likita ta ji da kunnenta. Kantin maganin cikin asibiti, irin na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, shi ma ki tambayi farashinsa kafin ki yanke shawara.