Ihsani ga mai zuwa share gida

Hajiya, kin tambaya ko dole ne ki ƙara wa mai zuwa miki shara da goge-goge wani abu bayan kuɗin aikinta. Ba dole ba ne, amma ki fara biyanta haƙƙinta cif a ranar da kuka yi alkawari, kar ki ja mata rai. Ranar da aiki ya ninka, kamar washegarin suna da tukwane suka cika tsakar gida, ki ƙara mata kuɗin mota da abinci mai kyau, ba ƙanzo ba. Da ƙaramar Sallah kuwa, turmin atamfa da kuɗin ɗinki, ki miƙa mata tun farkon azumi, don teloli ba sa karɓar ɗinki a goman ƙarshe.