Amsa: kashe katin NVIDIA don batir ya daɗe

Ɗan'uwa na Maroua, ka ce batirin laftof ɗinka ba ya kai awa 2 idan an ɗauke wuta, kana so ka kashe katin NVIDIA, wato katin sarrafa hoto, a Gestionnaire de périphériques, inda Windows ke jera na'urorin cikin kwamfuta. Kada ka yi. Direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ita ce ke kwantar da shi ya yi barci. Ka kashe shi a can, a wasu kwamfutocin sai ya zauna a kunne yana shan caji a ɓoye, an gudu ba a tsira ba.

Shiga Panneau de configuration NVIDIA, Gérer les paramètres 3D, ka mayar da zaɓin katin hoto kan Graphiques intégrés, wato ƙaramin katin da ke cikin processor. Idan ASUS ce, manhajar Armoury Crate na da zaɓin Eco, shi ne ke yanke wa katin wuta gaba ɗaya. A Lenovo Legion duba manhajar Vantage.

Sai dai a laftof da yawa ramin HDMI da katin NVIDIA yake haɗe, idan an yanke wa katin wuta sai ka jona talabijin hoto ya ƙi fitowa.

Amma awa 2 ta yi kaɗan, ina zargin batirin. Rubuta powercfg /batteryreport a cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ka buɗe rahoton da zai fitar, ka gwada cajin da yake ɗauka yanzu da na asali. Zafin Afrilu na cin batir, ka daina ɗora kwamfutar kan katifa.