Ciyawar ƙofar gida da lambun haya a Birmingham

Yaya, gaisuwa mai yawa, da fatan iyali suna lafiya. Na ji saƙonka, har da dariyar da ka sha da ka ga hotona ina tura injin yankan ciyawa. Ka ce mutum da hankalinsa ya shuka ciyawa, ya ba ta taki, sannan ya aske ta ya zubar, alhali ko tunkiya babu a gidan. To haka ɗin ne. Tunkiyar ma ba a ajiye ta kara zube a nan Ingila, ko guda ɗaya ce sai ka yi wa wurin rajista da hukuma, an maƙala mata lamba a kunne. Shi ya sa layyarmu ta hannun mahauta take bi.

Ciyawar nan ita ce tsakar gidan Turawa. A kanta yara ke wasa, a kanta ake shanya, kuma maƙwabci da ita yake auna ka. Tun 1830 wani Bature, Edwin Budding, ya ƙera injin yankanta. Daga Maris zuwa Oktoba ake yanka, idan zafi ya shigo kusan duk mako, kuma ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta, in ba haka ba sai ta yi sanƙo gansakuka ta cinye wurin. Da kaka a karce ta da manjagara, a huda ƙasar don ta sha iska, a watsa sabon iri. Yanzu ma ra'ayi ya fara sauyawa: tun 2019 ƙungiyar kare tsirrai ta Plantlife ke kiran a bar ta ba yanka duk watan Mayu, saboda furanni su fito ƙudan zuma ya samu abinci. Mu dai mutanenmu, da zarar mutum ya mallaki gida, sai ka ga ciyawar baya tana raguwa, fangalin alayyahu yana cin gefenta.

Ainihin nomanmu a lambun haya yake. Dokar 1908 ta ɗora wa ƙananan hukumomi samar wa mazauna gari filin shuka, kuma a Birmingham akwai irin waɗannan wurare sama da ɗari. Cikakken fili kamar murabba'in mita 250 ne, amma yanzu galibi rabi ake bayarwa, bayan ka yi zaman jiran layi. Kuɗin haya na shekara ba shi da yawa. Sharaɗi biyu ne masu ƙarfi: kada ka bar shi ya zama daji, kuma abin da ka noma na cin gida ne, ba na kasuwa ba. Saboda haka idan kabewa ta yi albarka, ranar Juma'a za ka ga ana rabon ta a bakin masallaci daga bayan mota.

Abin da zai fi ba ka mamaki, a nan ba ruwan sama ake jira ba. Ruwa kullum yana nan. Sanyi ne mai iko da shuka. Har tsakiyar Mayu raɓa tana iya daskarewa da dare, kuma dare ɗaya ya isa ka wayi gari ka tarar da tumatir ya yi baƙi ya langaɓe. Don haka attaruhu tun Fabrairu muke renonsa a ƙananan tukwane a bakin taga, kusa da abin ɗumama ɗaki, uwargida tana ƙorafin ƙasa a kan labule. Sai ƙarshen Mayu a fara fitar da shi da rana, a mayar da dare, har ya saba, sannan a dasa. Tafarnuwa kuwa a Oktoba ko Nuwamba ake binne ta, don sai ta sha sanyi take raba 'ya'ya.

Alayyahu ba ya ba da wahala, tsofaffin 'yan Jamaika da ke filayen haya na Uplands a unguwar Handsworth sun daɗe da gane haka. Kuɓewa ce mai taurin kai, in ba cikin rumfar leda ba kada ma ka fara. Yakuwa tana ba da ganye, amma zoɓo sai dai a saya, domin ba ta fure sai rana ta gajarta, a nan kuwa a watan Yuni magariba tana wuce ƙarfe tara, kafin ranar ta gajarta sanyi ya riga ya iso. Babban ɓarawonmu katantanwa ce, musamman irin marar ɓawon nan. Bayan isha'i za ka ga dattijo da tocila yana tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Ka kuma tambaya ko da gaske ɗan manomi zai zauna a koya masa lambu. Yana zama, kuma a ganina wanda ya ƙi zama shi ke asarar shekararsa ta farko. Ƙungiyar masu lambu ta RHS (Royal Horticultural Society), wadda aka kafa tun 1804, tana da kwasa-kwasai har da satifiket, kuma tana tallafa wa lambunan makarantun yara. Amma mafi yawan karatun a bakin shinge ake yin sa. Kwamitin lambu kan shirya zaman safiyar Asabar, a nuna yadda ake haɗa taki da ɓawon dankali da ciyawar nan da ka raina, ko a yi musayar iri kafin lokacin shuka. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da filina ita ta hana ni zuba ɗanyen kashin doki, ta ce sai ya shekara. Ni kuma na nuna mata yadda ake tsinke kan alayyahu ya yi rassa, da yadda ake yin kunya don saiwa ta tsira daga laka.

Batun irin yakuwa da rama da ka ce za ka ba wani ya taho da shi, a dakata tukuna. Shigo da tsirrai da wasu nau'o'in iri sai da takardar shaidar lafiyar shuka, in babu ana iya ƙwacewa a filin jirgi. Akwai masu sayar da shi a nan. Kuka da daddawa dai har yanzu hannunku muke kallo. A gaida Inna.