Amsa ga uwar da ke tsoron ba ɗanta maganin ADHD

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce likita ya tabbatar ɗanki mai shekara 8 yana da ADHD, wato lalurar kasa tsayar da hankali wuri ɗaya da yawan motsi, ya rubuta masa magani, amma kina tsoron kada ya dulmiyar da shi ko ya kasa rabuwa da shi, ga dangi suna cewa rashin ji ne, bulala ce maganinsa.

Ni ma ɗana yana da wannan lalura. Don Allah kar ki bari a dake shi. Yaron ya san abin da ake so ya yi, hankalin ne ke kuɓuce masa, kuma galibi gado ne, ba sakacin tarbiyyarki ba. Bulala ƙarya kawai take koya masa, da ganin kansa a matsayin yaron banza.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne methylphenidate, wato Ritalin ko Concerta. Akwai mai aiki kamar awa 4, akwai mai kaiwa awa 12. Da kaɗan ake farawa. In kika ga ya yi tsit kamar ba shi ba, yawanci adadin ne ya yi masa yawa, sai ki koma wurin likita ya rage, kar ki canza da kanki. Mu abin da ya fi damunmu shi ne rashin cin abinci, sai na riƙa ciyar da shi sosai da safe kafin ya sha, da kuma dare in maganin ya sake shi. A riƙa auna nauyinsa, tsayinsa, hawan jininsa da bugun zuciyarsa. In akwai ciwon zuciya a danginku, ki gaya wa likita tun yanzu. Shan sa bisa ƙa'ida ba a gano yana jefa yaro shaye-shaye ba, amma ki kulle maganin, ke ce mai ba shi. In bai karɓe shi ba akwai wani maganin, atomoxetine, sai dai shi yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa.

Sauran aikin a hannunki yake. Aike ɗaya a lokaci ɗaya: ki kira sunansa, ya dube ki, ya maimaita abin da kika ce. Aikin makaranta a yanka shi minti 10 zuwa 15, ya tashi ya motsa, ya dawo. In ya yi daidai ki yaba masa nan take, domin yaran nan faɗa suke sha wuni guda, yabo kuwa sai jefi-jefi. Ki roƙi malaminsa ya zaunar da shi a gaba, nesa da taga. Barci awa 9 zuwa 12 yake bukata, a raba shi da waya tun kafin ya kwanta.

Ki sami ɗan littafi kina rubuta cinsa, barcinsa da abin da malami ya ce, ki tafi da shi duk ranar ganin likita.