Masu haya sun dame mu, ina za mu sami mai gidan?

Tambaya: Malam, masu haya a gidan da ke jikin namu suna kunna kiɗa har asuba, ruwan wankinsu kuma yana cin gindin katangarmu. Ba mu san mai gidan ba. Daga wata baiwar Allah, Garwa, Kamaru.

Amsa: Hajiya, fara da jauro, wato mai unguwa, domin da wuya a sayi fili a unguwa bai sa hannu ba. In bai sani ba, nemi dillalin da ya sa su a gidan, shi ke karɓar kuɗin wata. Sunan da ke takardar kuɗin wuta kan ruɗi mutum, sau da yawa na tsohon mai gida ne da ya rasu.

In gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, ofishin rajistar filaye na MINDCAF, wato ma'aikatar filaye ta Kamaru, zai ba ki shaidar mai shi bayan kin biya kuɗi, amma sai da lambar takardar. Gidajen gado da yawa ba su da ita, sai a nemi babban magaji.

Ɗauki hoton jiƙon katangar kafin damina, ki rubuta ranakun hayaniyar. In mai gida ya ƙi ji, a kai ƙara gaban lawan, hakimin da ke sama da jauro, sannan ofishin sufurefe, jami'in gwamnati mai kula da gunduma.