Miliyan 12 Ta Faɗo Hannuna, Mi Zan Fara Saye Don Ɗakin Gyaran Lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai gyaran waya ne a Jega, shekara 6 ina bakin kasuwa da ayan guda (ƙarfen narka dalma) da bulowa guda (na'urar hura iska mai zafi). Kwatsam sai ga kuɗin diyyar gonar mahaifinmu da hanya ta bi ta ciki, rabona ya kai naira miliyan 12, wallahi ban taɓa tsammani ba. Burina in buɗe ɗakin aiki irin wanda nike gani a YouTube. Mi zan fara saye?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka a wannan dukiya. Na san idonka na kan manyan na'urori masu haske, amma ni dai ka fara da wuta. Ka sa sola da batirin litiyam da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta, wato mai ba da tsaftatacciyar wuta, kamar 5kVA, saboda bulowa irin Quick 861DW kaɗai tana jan wat 1000, ga ayan ga kwamfuta ga AC, kuma ƙaramin janareto mai hawa da sauka shi ke kashe kaya masu tsada ba tare da ka ankara ba. Sannan ka kula sosai, wutarmu a Najeriya 230V ce 50Hz, ta Amurka kuwa 120V, in ka yi odar ayan Hakko FX-888D ƙirar kasuwar Amurka ka jona kai tsaye to ta ƙone nan take. Ka duba lambar ƙarfin wutar da ke jikinsa kafin ka biya.

Sai ɗakin kansa. Ka fi ni sanin ƙurar hunturu da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 a Kebbi. Ka sa tayil da silin da tagar gilas mai rufuwa ruf, kuma a kafa maka ƙarfen at, wato sandar da ke zubar da wuta cikin ƙasa, a haɗa shi da shimfiɗar teburinka da abin ɗaurawa a hannu, don lokacin hunturu iska ta bushe, ɗan tartsatsin nan da kake ji in ka taɓa ƙofar mota ya isa ya kashe ai-si (ƴan ƙananan ƙwaƙwalen lantarki na cikin waya), kai kuma ka ɗauka daman wayar a mace ta zo.

Bayan nan kuɗinka ya tafi kan abin da hannunka zai taɓa kullum. Maikiroskof mai ido biyu da gurbin kyamara, 7x zuwa 45x, wannan kam kar ka yi masa rowa ko kaɗan, ranar da ka fara aiki da shi za ka ga ashe shekara 6 lalube kake yi a fanel, wato allon kayan lantarki na cikin waya. Ayan mai saita zafi, Hakko ko JBC, tunda dalma 63/37 a digiri 183 take narkewa, wadda babu gubar dalma da kamfanoni ke amfani da ita yanzu kuwa sai wajen 217. Mitar auna wuta mai kyau irin Fluke 117. Fawa sufulai, wato na'urar ba waya wuta a kan tebur, mai 30V 5A, ka sa shi a 4.2V ka ga abin da waya ke ja, sai kyamarar zafi ta nuna maka daidai inda shot yake, wato inda wuta ta haɗe. Ka haɗa da fankar zuƙe hayaƙi, kuma ka riƙa wanke hannu kafin cin abinci, ƙirjinka ya fi duk kayan nan daraja.

Osiloskof fa, wato na'urar da ke nuna zanen motsin wuta a allo? Rigol DS1054Z mai layi 4, 50MHz ta ishe ka. A gyaran waya ba kullum za ka kunna ta ba, amma in ka shiga gyaran inbata da famfon sola na manoman shinkafa a fadamun Argungu da Jega, nan za ta biya kuɗinta, kuma ina ganin can kasuwar take.

Kar ka kashe fiye da kashi biyu cikin uku. Sauran ka ajiye na sifiya (kayan canji) da haya da koyo, ka je Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja ka zauna wata biyu wurin ƙwararren mai aikin fanel, kayan ma ka gwada su a gabanka kafin ka biya. Ka turo min girman ɗakin da ka samu in lissafa maka faifan sola nawa za ka buƙata.